Daren da Na Gasa Farantin Sola

Mu mutanen Zakka ba mu da rijiyar mai, amma Allah ya hore mana rana. A watan Afrilu, daga Safana har Batsari, ko kaji buɗe baki suke yi suna haki, zafi ya haura digiri 40. Sai na zauna na buga lissafi irin na tsohon malamin firamare: tunda sola da rana take aiki, kuma babu abin da ya fi yawa a ranarmu kamar zafi, ashe arziki ne yake ƙona mana ƙeya shekara da shekaru.

Na sayar da ragon da nake kiwo, na shiga Katsina na sayo faranti mai wat 200 da batir da inbata. Yaron shagon ya ce, "Baba, a ɗaga shi daga jikin kwano, iska ta riƙa ratsawa ta ƙasa." Na ce a raina, yaro man kaza. Ina isowa gida na kwantar da shi manne da kwano, har na shafe kewayensa da baƙin fenti don zafi ya taru sosai.

Abin mamaki, ranar da aka fi gumi, ranar batir yake jan ƙafa wajen cika. Na yanke hukunci cewa zafin ne bai kai ba.

Wani dare batir ya mutu, waya ma ta bi shi. Uwargida tana tuƙa tuwo. Na hau tsani na sauko da farantin, na jingina shi gefen murhu.

"Malam, lafiya?"

"Kimiyya ce. Ƙara ice."

Ta ƙara, ba ta ce uffan ba, kuma wannan shirun nata na san shi. Tuwo ya dahu, miya ta tafasa, ni ma na kusa nuna, amma batir ko gezau. Abin da na samu kawai shi ne ƙaurin roba daga ɗan akwatin da ke bayan farantin.

Ɗan yayata da ke karatu a jami'ar tarayya ta Dutsin-ma ne ya zo hutu ya tarar da ɓarnar. Sai da ya gama dariyarsa a bayan ɗaki, don yana da tarbiyya, sannan ya zauna. "Kawu, wannan abin haske yake ci, ba zafi ba." Ya ce haske ne yake faɗa wa silikon ɗin cikin farantin, ya zaburo ƙananan ƙwayoyin lantarki su bi waya da gudu, gudun nasu shi ne lantarki. Zafi kuwa karkarwar ƙwayoyin abu ce kawai, kowace ta nufi inda ta ga dama. Wani Bafaranshe, Edmond Becquerel, ya gano tasirin hasken tun 1839, aka ƙera irin na silikon mai amfani a Amurka a 1954, ni kuma ina nan ina neman gyara musu da itacen girki.

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne wat 200 ɗin nan a digiri 25 ake auna shi. Duk digiri ɗaya da farantin ya ƙara, ƙarfinsa yana raguwa da kusan kashi 0.4 cikin ɗari. A kan kwano da azahar jikinsa yana iya kai digiri 65, kashi 16 sun tafi ke nan. Fentin nan da kuɗina na saya.

Na nemi abin kare mutunci. Na ce ai na ji a Maroko da zafin rana suke yin lantarki. Ya ce gaskiya ne, a tashar Noor ta Ouarzazate, wadda aka buɗe kashinta na farko a 2016, madubai ne suke tattara zafin, a tafasa ruwa, tururi ya juya inji. "Amma Kawu, su ba su da murhu a cikin tsarin."

Muka gyara, muka ɗaga faranti, batir ya riƙa cika. Fanka na juyi, ƙwayaye na haske, maƙwabta na kawo cajin waya. Kaina ya sake kumbura. Ranar wani ɗaurin aure a Batsari na kori dutsen gugar gawayi, na aro na lantarki. Ban san wat 1,000 yake zuƙa ba, abincin ƙwan fitila ɗari masu wat 10. Mai da lantarki ya koma zafi ba wuya, cinsa ne ba ƙoshi. Na goge kafaɗar dama ta babbar riga, inbata ta tsala ihu, gida ya yi ɗif.

Mota na jira a bakin titi, gawayi kuma ba a hura ba. A wurin ɗaurin auren duk wanda ya zo gaisawa, sai in juyo masa ɓangaren dama.