Zuwa ga Bazazzagen Alaba Rago, Sarkin Benci

Bawana Bazazzage, ubangidanka na Kano yana gaishe ka. Labari ya iso mana cewa tun da ka zama babban dillali a Alaba Rago ba ka ƙara taɓa igiyar rago ba. Tun hantsi kana kan benci, ga shayi ga burodin Agege, yara su sauke tirela, su ja, su ɗaure, kai naka "Allah ya sa albarka" da miƙa hannun la'ada. Masallacin da ke bayan rumfarka ma sai babur ya kai ka. Shi ya sa aka ce ka sayar wa mutum biyu rago ɗaya, ka kuma rantse ba ka tuna na farkon ba.

To, buɗe kunne in ba ka ilimi kyauta, tun da ABU tana ƙofar gidanku amma ba ta amfane ka ba. Wajen 2003 wata likitar Danmak, Bente Pedersen, da abokan aikinta suka bayyana cewa tsoka idan tana aiki takan zuba sinadarai cikin jini, su kai saƙo ga sauran sassan jiki. A 2012 masu bincike a Harvard suka gano ɗaya daga ciki, irisin. Sai a 2019 masana a Brazil suka tarar ya yi ƙaranci a ƙwaƙwalwar masu cutar mantuwa ta Alzheimer, kuma da suka ƙara shi a jikin ɓerayen gwaji masu irin cutar, tunaninsu ya farfaɗo.

Na san za ka ce kai ba ɓera ba ne. Gaskiyarka, ɓera ai yana gudu. Ga na mutane: a 2011 aka fitar da sakamakon gwajin tsofaffi 120 a Amurka. Rabinsu sun shekara suna tafiyar ƙafa ta minti 40 sau uku a mako, sai sashen ƙwaƙwalwarsu mai ajiye tunani ya ƙaru da kusan kashi 2 cikin ɗari. Na sauran kuwa raguwa ya yi.

Tsoka kuma ba ta jiran kowa. Daga shekara 30 mutum kan rasa kashi 3 zuwa 8 cikin ɗari nata duk shekara goma, bayan 60 abin ya ƙara sauri. Kai da kake latsa gadon bayan rago ka faɗi yawan namansa, latsa cinyarka ka ba mu labari. Tumbin nan da ke riga ka shiga rumfa ba ya cikin lissafi.

Bayan asuba ka taka zuwa Iyana Iba ka dawo, kuma idan tirela ta iso ka kama ƙahon rago ko biyu ne tare da yara. Kuɗin sharata na bara da ka ce ka manta kuwa, wannan babu ruwan tsoka, halin Zazzagawa ne. Yarona na nan tafe da motar albasa, a haɗa masa da na bana.