Mu da Samarinmu na 1813

Hausawa suka ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. To mu masu karatun littattafan nan, namu ya wuce bara, ya wuce bara waccan. Shekara ɗari biyu da 'yan kai muke tsallakewa a dare ɗaya, mu je Ingila ta zamanin keken doki neman miji, mu dawo kafin assalatu mu ɗora ruwan koko. Kada wadda ta sunkuyar da kai, duk mun san juna. Akwai mai karantawa a waya cikin bargo ta rage haske don kada maigida ya farka, akwai mai fakewa da cewa Turancinta take gyarawa, akwai malamar da ta ƙwace littafin a hannun ɗaliba da faɗa ranar Juma'a, ta dawo da shi Litinin ido jawur. Duk kanwar ja ce.

Ga wanda bai san hanyar ba, labarin kusan ɗaya ne kullum. Budurwa ce ta wannan zamani, duniya ta yi mata zafi, sai wani abu ya faru ta farka a zamanin Jane Austen ko cikin littafinta tsundum. A Confessions of a Jane Austen Addict na Laurie Viera Rigler, wanda ya fito a 2007, Courtney Stone ta kwanta a Los Angeles da baƙin cikin fasa aure, ta tashi a Ingila ta 1813 cikin jikin wata 'yar masu hali, Jane Mansfield. A Prada and Prejudice na Mandy Hubbard, 2009, yarinyar ma tuntuɓe ta yi da takalmi mai tsini a Landan, kai ya bugu, ta buɗe ido a 1815. Mu nan in mutum ya yi tuntuɓe sannu ake ce masa a shafa man zafi, can kuwa gidan basarake yake faɗawa. Kuma ba mu taɓa tambayar yadda aka yi ba. Mu da in aka ce mudun shinkafa ya sauka sai mun aiki yaro kasuwa ya gano da idonsa, amma a ce mace ta bugi kai ta koma baya ƙarni biyu, sai mu gyara zama mu ce to, sai aka yi yaya?

Wanda ya fi shiga ranmu ma wasan talabijin ne, Lost in Austen, da tashar ITV ta nuna kashi huɗu a 2008. Amanda Price ta shiga banɗakinta a unguwar Hammersmith ta tarar da Elizabeth Bennet ta littafin Austen a tsaye, ashe akwai ƙofa a bango da ke ɓullewa gidan su Elizabeth. Wataƙila Bature ya ga wannan abin al'ajabi ne. Mu ko gezau, don tun muna yara aka gaya mana su wa ke zaune a banɗaki, shi ya sa ake shiga da addu'a da ƙafar hagu, ba a kuma surutu a ciki. Abin da ya ba mu mamaki kawai, yadda Amanda ta tsaya hira da baƙuwar maimakon ta kurma ihu a kirawo malam.

To wa ake zuwa nema? Ai kin sani na sani. Darcy na Pemberley, wanda Austen ta fito da shi a Pride and Prejudice a 1813, har yau bai yi furfura ba. Nan ne halinmu yake fitowa fili. Wannan bawan Allah ranar da ya fara ganin Elizabeth a wurin rawa ya ƙi tashi da ita, ya kuma kushe kyanta tana ji. Da ya zo neman aurenta, sai da ya lissafa mata ƙasƙancin danginta sa'annan ya tsaya jiran ta ce na yarda. Tsakani da Allah, yaron unguwar nan ya zo zance ya ce yana son ki duk da dai gidanku ba sa'an gidansu ba ne, me zai faru? Anti za ta fito, Yaya zai fito, a raka shi da muciya har bakin titi, a shekara ana ba da labarinsa a gidan suna. Amma da yake Darcy ne sai mu dafe ƙirji mu ce miskili ne, kunya ce ke damunsa, ba a fahimce shi ba ne.

In ka ji wane, ba banza ba. Fam dubu goma yake samu a shekara, kuma mu masu rantsuwar ba ruwanmu da abin hannun namiji mun haddace wannan lissafi ba gargada. Don a gane nauyin kuɗin, Jane Eyre a littafin Charlotte Brontë na 1847 fam talatin ake biyan ta a shekara tana koyar da yarinya a gidan Rochester. Ita Elizabeth ma da yayarta ta tsare ta da tambayar yaushe son ya fara, cikin wasa ta danganta shi da ranar da ta ga filin gidansa. Wasa ne, an ce. Mu dai mun san irin wannan wasan, mu ma muna yin sa. Ga kuma maganar tafkin nan. Da yawanmu za su dafa littafin su rantse sun karanta inda Darcy ya fito daga ruwa riga a jiƙe, alhali babu wannan ko a shafi ɗaya, BBC ce ta ƙara shi a wasanta na 1995 da Colin Firth. Amanda kuwa 'yar gida ce, da Darcy ya zo hannunta sai da ta roƙe shi ya shiga ruwan ta gani da idonta.

Muna cikin wannan shauƙi kuma muna ba da fatawa. Zauna kusa da Bahaushiya tana karanta labarin gidan Bennet ka sha tsaki. 'Ya'ya mata biyar, uba yana da gida da gonaki, amma an ɗaure gadon ta yadda namiji kaɗai zai ci, saboda haka ranar da ya faɗi wani ɗan uwa na nesa, Collins, limamin coci mai shegen surutu, shi zai kwashe gidan, uwa da 'ya'ya su nemi inda za su raɓa. Nan take mu zama alƙalai, mu kife littafin mu raba: 'yan mata kashi biyu cikin uku, uwarsu tumuni, Collins in ma ya cancanta ya jira ragowa. Mu gama rabon, mu yi Allah wadai, sa'annan mu ɗauki littafin mu ci gaba da fatan a kai mu can. Can ɗin da in mace ta yi aure abin hannunta ya zama na miji, sai fa in iyayenta sun yi dabara sun ƙulla yarjejeniya a rubuce kafin biki, kuma ba a gyara dokar ba sai 1870 da 1882. Can ɗin da kafin 1857 sai Majalisar Dokoki ta yi doka ta musamman kafin a kashe aure ɗaya. Mu ne fa, da in maigida ya ranci dubu biyu a kuɗin adashi sai mun ja layi da gawayi a bango.

'Yan layin gidan Brontë kuma nasu ciwon daban. Rochester suke so, mutumin da ya kai Jane Eyre har gaban limami alhali yana da mata, Bertha, a kulle a ɗakin sama shekara da shekaru. Duk wadda ta zo wurin nan a cikinmu sai ta ce yo ba sai ya faɗa ba? Ya ce ina da uwargida ba ta da lafiya, a nema mata magani, a ɗaura na biyu a wuce wurin. Dokar ƙasarsu ce ba ta yarda da biyu ba, shi ya sa littafin ya yi kauri. Sai dai masu wannan sassaucin su ne waɗanda in suka ji ƙishin-ƙishin maigida ya yi sallama a wani gida, unguwa ba ta barci ranar. Jasper Fforde a The Eyre Affair na 2001 ya tura wata jami'a, Thursday Next, cikin littafin har ta sauya masa ƙarshe, abin da hannun kowaccenmu ya daɗe yana ƙaiƙayin yi. Heathcliff kuwa, na wani littafin gidan Brontë ɗin, wanda 'ya'yanmu suka yi fama da shi a jarrabawar WAEC, wannan ko da kuɗinsa a bar shi can Yorkshire. Son maso wani ƙoshin wahala.

Babban sirrinmu, wanda ba ma faɗa ko a gidan kitso, shi ne kowacce ta tabbata in ƙofar ta buɗe a falo za ta sauka. Ba wadda ta taɓa mafarkin ta farka ta ga ita ce 'yar aikin da ke tashi da asuba cikin sanyi ta hura wuta ɗaki ɗaki, ta hau bene da ruwan zafi, ta sauko da fo ɗin dare. Alhali a gida irin Pemberley masu hidima sun ninka masu gida yawa, in ƙuri'a ce ma kicin za ta jefa mu. Muna ta tafa wa Elizabeth da ta taka mil uku cikin taɓo don duba yayarta, har sai da Jo Baker ta rubuta Longbourn a 2013 ta tuna mana akwai yarinyar da za ta wanke wannan tufa da hannu. Mun karanta, mun ce Allah sarki, mun koma falo.

Akwai kuma maganar madubi, wadda muke kauda kai a kanta. Birtaniya ta hana cinikin bayi a 1807, amma ba ta soke bautar kanta a ƙasashen da take mulka ba sai da dokar 1833, kuma sukarin shayin da muke mafarkin kurɓa a Pemberley daga gonakin rake na bayi yake zuwa. Austen ta san da haka, dukiyar gidan Bertram a Mansfield Park tana da reshe a Antigua. To ke 'yar Fagge ko 'yar Damagaram da kika faɗo ta banɗaki a 1813, a wace kujera za a zaunar da ke? Octavia Butler ta amsa irin wannan tambaya ba da wasa ba a Kindred, 1979, inda baƙar Ba'amurkiya ta 1976 ta riƙa faɗawa gonar bayi a Maryland, ta ƙare da hannu ɗaya. Wannan littafin muna yabon sa ƙwarai, muna kuma ajiye shi can saman durowa. Wadda muke riƙewa ita ce Miss Lambe ta Sanditon, littafin da Austen ta rasu ba ta gama ba, 'yar ruwa biyu mai tarin dukiya daga tsibiran Karebiyan. Da ƙyar ma aka ambace ta, amma dukanmu ita ce.

In aka zo hirar abin da za a sa a jaka, nan za ka sha dariya. Yaji, daddawa, turaren wuta, buta, Panadol, har da cajar waya, a ƙasar da ba lantarki, wata ta ce ai mun saba. Ba wadda ta tuna da ɗakin haihuwa. Zamani ne da likita ke tsaga jijiya ya zubar da jini don zazzaɓi, maganin sa barci a tiyata bai zo ba sai 1846, kuma matar Edward, yayan Austen, ta rasu a 1808 bayan haihuwarta ta goma sha ɗaya. Kathleen Flynn ta yi wayo a The Jane Austen Project na 2017, da ta tashi aike zuwa 1815 likita ta tura. Mu ko ungozoma ba mu tanada ba.

Kuma ba wadda ke roƙon ƙofar ta buɗe a Sakkwato. A 1817 Austen ta rasu, a shekarar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya rasu, Nana Asma'u tana da shekara ashirin da 'yan kai. Zamani ɗaya ne, ga dawakai, ga jarumai, ga malamai mata. Amma wannan bayan mun san shi, Kaka ta ba mu labarin surfe da daka da niƙa a dutse da jan guga, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na Ingila daga nesa muke hange, warin bargar dawakai ba ya isowa.

Maza kada ku yi murmushi, mun ga wanda ke ɗaukar littafin da sunan yana duba abin da ke ɓata tarbiyyar iyali, ya shafe awa biyu yana dubawa. Ku dai in za ku koma baya, mulki kuke zuwa nema. Tun 1889 Mark Twain ya tura muku wani ma'aikacin masana'anta fadar Sarki Arthur, ya tsorata jama'a da sanin ranar husufin rana, ya ja wayar tarho, ya zama babban mutum. Daga ƙarshe shi ma aure ya yi.

Ita kuwa uwar tafiyar, Austen, wadda ta aurar da duk 'yan matan nan, ba ta yi aure ba. A Disambar 1802 Harris Bigg-Wither, magajin wani babban gida, ya nemi aurenta ta amsa da yamma, gari na wayewa ta ce ta fasa. 'Yarmu ta yi haka, sai an tara dangi har na ƙauye a tofa mata a ruwa. Austen ta yi, muna cewa mace ke nan mai sanin darajar kanta. Elizabeth ta cikin Lost in Austen ma ta ba mu kunya, don da ta ɗanɗana Landan ta yau, ta samu aikin raino, ta iya waya da intanet, sai ta zaɓi zama can ta bar wa Amanda Darcy da gidansa da tafkinsa. Mun yi mata faɗa, mun ce ba ta san arziki ba, sa'annan muka lura ashe kujerar tana sauya hannu, kuma in ta sauya sau ɗaya za ta iya sakewa. Matsalar dai Darcy ɗaya ne, ƙasarsu mace ɗaya ake yi, mu kuma a layinmu kaɗai mun cika motar haya. Hajiya Babba ta ce a bi girma, amare suka ce a bi kyau, uwar adashi ta ce a jefa ƙuri'a, mai kitso ta ce ita ta fara kawo littafin unguwar nan. Ba a daidaita ba, an ɗage zaman sai bayan Sallah.