Ire-iren 'Yan Kallon Dorina a Kwalekwale

Ana samun dorina a kogin Isa, musamman wajejen Ayoru da Bubon a arewa maso yammacin Yamai, inda masu kwalekwale kan kai baƙi kallo. Nauyinta yakan kai tan ɗaya da rabi. Takan wuni cikin ruwa, da dare ta fito kiwo. Cikinta wata 8 ne, ta haifi ɗa guda, wanda yake iya shan nono a ƙarƙashin ruwa. Mutumin Gangara kuwa, ɗan Damargu, ƙasar gero da raƙuma da rijiyoyi masu zurfi, abin da ya sani na dorina bai wuce bulalar fatarta ba. Idan irin waɗannan baƙi suka cika kwalekwale, sukan kasu kashi shida.

Na farko shi ne matsoraci. Tun kafin a turo kwalekwale ya damƙe gefensa da hannu biyu, bakinsa na motsi. Tambayarsa ɗaya ce, irin ta masu haƙar rijiya: "Malam, nan zurfin gaba nawa ne?" Ko an ba shi amsa ba ya ji. Shi kaɗai ne yakan koma gida bai ga dorina ba, domin idonsa a rufe yake.

Na biyu dillali ne. Da uwa ta ɗago kai, ɗanta na manne da ita, sai ya karkace hula ya shiga ƙiyasi, ya ce da a kasuwar Tanut ne da ta yi kuɗin bijimi biyar. Yakan tambaya ko an yaye ɗan, da wanda ke tatsar uwar. Abin da ke ci masa rai shi ne wannan dukiya tana yawo ba mai ita.

Na uku mai fatawa ne. Damuwarsa ita ce halaccin naman: dabbar ruwa ce ko ta tudu, tunda a tudu take kiwo? Yakan kawo hujja ya rushe ta da kansa, alhali ba wanda ya yi masa tayin ko tsoka ɗaya.

Na huɗu mai salula ne. Dorina takan yi kamar minti 5 a nutse, shi kuwa ba ya latsawa sai ta nutse. Ya miƙe tsaye, kwalekwale ya karkata, matsoraci ya ƙara ƙarfin salati. A ƙarshe dangi a Belbeji za su sami hoton ruwa zalla ta WhatsApp, da bayanin cewa dorinar na ƙasa.

Na biyar shi ne sarkin sani. Yau ya fara ganin kogi, amma shi ke yi wa kowa bayani. Idan dorina ta wage baki, haurenta suka bayyana, sai ya ce hamma take yi, barci take ji. Nan kuwa gargaɗi ne take yi wa duk wanda ya matso.

Ta shida ita ce Hajiya mai tausayi. Da ta hango kunnuwan ɗan dorina sai ta dafa ƙirji: "Allah sarki, ɗan mitsitsi!" Ɗan mitsitsin nan kuwa ana haifarsa da nauyin kilo 25 zuwa 50. Sai ta kwance bakin zane ta ciro ƙuliƙuli, ta ce da mai tuƙi: "Ɗan nan, matsa mu gaishe shi." Duk cikin jirgin ba wanda ya fi ta kyakkyawar niyya, ba kuma wanda ya fi ta haɗari, domin dorina mai ɗa ba ta san wasa ba. A watan Nuwamban 2014 dorina ta kifar da kwalekwale a Libore kusa da Yamai, mutum 13 suka rasu, yawancinsu 'yan makaranta.

Mai tuƙi ba ya cikin lissafin nan. Ba ya gardama da kowa, ba ya shiga tsakanin uwa da ɗanta, kuma da ya ga ta wage baki sai ya juya kan kwalekwale. Baƙon da ke son komawa Damargu lafiya ya zauna inda aka ajiye shi, ya bar wa mai tuƙi aikinsa.