Bugun Zuciya da Gaisuwar Hanya a Jimeta

Zuciyar baligi mai ƙoshin lafiya takan buga sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya idan yana hutawa, kuma tana ƙara sauri gwargwadon aikin da aka ɗora wa jiki, domin tsokoki masu aiki suna neman ƙarin iskar oksijin, wadda jini ne ke kai musu ita. Masana suna kintata ƙololuwar bugu, wato iyakar da zuciya za ta iya kaiwa, ta hanyar cire shekarun mutum daga 220. Matsakaicin motsa jiki yana tsayawa tsakanin kashi 50 da 70 cikin ɗari na wannan iyaka, mai tsanani kuwa yakan kai kashi 85, kuma alamarsa ita ce mutum ya kasa haɗa jimla sai ya tsaya ya ja numfashi.

Mai wannan rubutu, magidanci ɗan shekara 50, wanda iyakarsa ke nan 170, ya ji cewa Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar aƙalla minti 150 na matsakaicin motsi a mako, sai ya ɗauke shi tamkar bashi, ya ƙudura biyansa gaba ɗaya a Asabar guda. Watan Afrilu ne, lokacin da zafin Yola kan haura digiri 40, amma bai fara motsa jikin daga Dandalin Ribadu da ke Jimeta ba sai da hantsi, bayan kunu da ƙosai sun zauna daram. A irin wannan zafi jiki yakan tura jini zuwa fata don ya huce, gumi kuma yana rage ruwan jini, saboda haka zuciya na ƙara gudu ko da ƙafa ba ta ƙara ba. Tasa ƙafar kuwa ta ƙara, domin wasu samari sun wuce shi suna cewa, "Sannu Baba, a hankali," kalmar da ba a taɓa jin ta rage wa ɗan shekara 50 sauri ba.

Awon gaskiya ya zo ne a kan hanyar Yola, inda wani dattijo, abokin mahaifinsa, ya tare shi da gaisuwa, kuma gaisuwar mutanen Adamawa ba a yi mata gaggawa.

"Ina kwana, ɗana? Ina gajiya? Yaya iyali? Yaya zafi?"

Daga cikin tambayoyin nan huɗu, ɗan tseren bai iya amsa ko ɗaya ba, sai "Laf..." da ta fito ta maƙale, har dattijon ya leƙa bayansa ya ga ko wani ne ya biyo shi. Nan ya jingina da bishiyar darbejiya, ya ɗora yatsu biyu a wuyan hannu, ya ƙirga bugu 40 a daƙiƙa 15, wanda idan aka ninka sau huɗu ya zama 160, wato ya zarce kashi 90 na iyakarsa tun bai biya minti 20 daga cikin bashin ba.

Wani mai Keke Napep da ya gan shi riƙe da hannu, ido a rufe, leɓe na motsi, ya tsaya ya ce, "Alhaji, agogo aka fizge?" Shi ne ya kwashe shi zuwa gida. Kuɗin keken uwargida ce ta biya, domin wandon motsa jiki ba shi da aljihu, kuma har yau ba a mayar mata ba.