Neman Gangara a Tawa

Duk wanda ya ce garin Tawa a shimfiɗe yake, to da ƙafa yake yawo ko a bayan kabu-kabu. Ni na san kowace gangara daga Bilbis zuwa Fakawa. Na san wadda ke kai mota har bakin gudoro, na san wadda ke yaudarar mutum ta ajiye shi tsakiyar rairayi. Ba a lakkwal na samu wannan ilimi ba, bashen kawuna ce ta koya mini.

Kawu Alhaji yana cikin Adarawan nan da suka yi rabin rayuwarsu suna kasuwanci a Abijan. Motar tsohuwa ya saye ta, shigowar Amurka, ta biyo Kwatano da gadar Gaya tun kafin a rufe iyakar Benin a 2023. Da zai koma, ya miƙa mini makulli ya ce in riƙa kai kaya kasuwannin ƙauye. "Ɗana, wagga mota ba ta da ciwon kai." Ina jin bas ɗin da ya shiga bai kai Tsarnawa ba ciwon ya tashi.

Na murɗa makulli, fitilu duk suka kama, rediyo na ba da labarai, amma demarer ko tari. Nan take unguwa ta cika da masana. Wani ya aro batir, wani ya shiga ƙarƙashi yana bugun demarer da dutse. Wani dattijo ya dube ta ya ce baki ne, a yi sadaka da ƙosai. Aka yi. Yara suka ci suka ƙoshi, suka tura motar ta tashi, dattijon ya tafi gida yana cewa ai ya faɗa.

Makanike ne ya gano kan zancen, bayan ya kwanta rigingine kansa a ƙarƙashin sitiyari, ƙafafunsa a waje. Can sama da fedar ambiriyaj, wadda 'yan uwanmu na Sakkwato ke kira kuloc, akwai wani ɗan maɓalli da bai kai babban yatsa ba. Wuta ba ta wucewa daga makulli zuwa demarer sai an taka fedar har ƙasa ta danne shi. An sa shi ne don kada motar da aka bari cikin giya ta zabura idan an murɗa makulli. Namu ƙura da shekaru sun cinye shi, saboda haka ko da ƙafa biyu ka taka, a wajen motar babu kowa a kujera. Tsofaffin Peugeot 404 da iyayenmu suka yi lodi da su ba su san wannan tsirfa ba.

Sabo sai an aiko daga Yamai. Makanike ya ce kafin nan yana iya haɗa wayoyin biyu a huta. Na kira Abijan. Kawu ya yi rantsuwa wadda na ji har cikin haƙorina: "Kar a yanke mini waya ko ɗaya!" Shi ke nan, muka shiga sana'ar turi.

Turi ma yana da ƙa'ida. Ka buɗe makulli, ka sa giya ta biyu, ka taka ambiriyaj, a tura. Idan ta ɗauki gudu ka saki ƙafa, ta yi tsalle ta kama. A kan gudoron da aka shimfiɗa lokacin bikin Tawa Sakola na 2017, ƙarti uku sun isa. Amma a lungun unguwa, inda taya ke nutsewa cikin rairayi, ko 'yan kokowar jihar ka tara sai sun yi gumi. Yaran unguwarmu kuwa suka kafa ƙungiya. Da asuba suna zaune a ƙofar gida, kowa dala ashirin. Ran Lahadi, ranar kasuwar Tawa, sun san ina sauri, sai kuɗin ya ninka. Wani ɗan ƙarami a cikinsu ba ya turawa sam, yatsa ɗaya yake ɗorawa a jikin mota yana nishi, kuma shi ke fara miƙo hannu.

Keita ce aljannata. Ƙasa ce ta duwatsu da kwaruruka. Tun 1984 aikin nan da Italiya ta ɗauki nauyinsa ya yi ta fama da gangaren wurin, ana jera duwatsu ana dasa itatuwa don ruwa ya daina kwashe gonaki. Allah ya saka musu, amma ni na gode da suka bar mini sauran gangara. A can ko'ina na tsaya, dutse ɗaya a gaban taya ya ishe ni. Tabalak kuma, bakin tabki, ƙasa kwance take lumui, nan na fi shan wuya.

A hanyar ne wani mai kaki ya tsayar da ni a shinge ya ce in kashe mota. Na ce, "Ranka ya daɗe, in na kashe ta ba ta tashi." Ya ce doka ba ta san wannan ba. Na kashe. Ya duba takardu, komai daidai, ya ce in wuce. Na zauna ina kallonsa, yana kallona. Manyan motocin da suka nufi Agadas suka jeru a bayana suna ta oda. Ƙarshe ya gyara hularsa, ya kira abokin aikinsa, suka sa kafaɗa. Da na dawo da yamma, tun daga nesa ya ɗaga igiya yana yi mini hannu in wuce kar in tsaya.

Wanda har yau ba na son tunawa shi ne zuwa gaida surukai. Barin inji na ruri a ƙofar suruki rashin kunya ne, ga shi tun da Najeriya ta cire tallafin mai a 2023 kwalbar ruwa-ruwa ta daina zama abin wasa. Na kashe. Gidan kuwa a cikin kwari yake, kuma yaran unguwar duk sun tafi makarantar allo. Surukina, mutumin da ban taɓa ambaton sunansa ba, ban taɓa cin ko goro a gabansa ba, ya naɗe hannun babbar riga ya je bayan mota. Na so ƙasa ta tsage. Motar ta motsa kaɗan, ta ƙi. Sai na ji wata murya tana cewa, "Ku ƙara ƙarfi, Baba!" Muryata ce.

Maɓallin Yamai bai iso ba. Yaron makanike ya ji tausayina, ya lanƙwasa guntuwar waya ya cusa tsakanin bakin wayoyin biyu. "Yaya, ban yanke komai ba, rantsuwar Alhaji na nan." Ya ƙara da gargaɗi: yanzu a kowace giya take za ta tashi, kar a taɓa makulli sai an tabbatar tana firi. Mota ta koma tashi bugu ɗaya, ƙungiyar yara ta ruguje.

Ana jibi Babbar Salla Kawu ya sauka. Motar na tsakar gida, a giya ta ɗaya kamar kullum, don birkin hannunta ba abin dogaro ba ne. Abokansa sun zo yi masa barka da hanya, ya jawo su ya nuna musu irin halin da ake saka dukiyar mutum idan ya ba da baya. Na buɗe baki, ya ɗaga mini hannu, kuma babba na magana yaro ba ya katse shi. Daga tsaye ya zura hannu ta taga.

"Ku duba, ko tari ba ta yi."

Ta yi tari. Ta zabura kamar jakin da kunama ta harba, ta kama, ta kama hanya ba kowa a ciki. Ta kwantar da zanar makewayi, ta bi ta kan tukunyar fura, ta tumɓuke turken da aka ɗaure ragon layya, sannan ta daki katanga ta mutu. Ragon bai tsaya ganin ƙarshe ba, ya fice da igiyarsa ya nufi hanyar kasuwa.

Kawu na tsaye da takalmi ƙafa ɗaya yana tambayar wa ya taɓa masa waya. Kafin in haɗa amsa, yaran sun cika ƙofar gida. Ɗan ƙaramin nan ya matso, ya durƙusa ya gaida Alhaji da ladabi, ya ce kamun rago ana jibi Salla jikka guda ne, kuma a biya tukuna.