Masu Shigar Burtu a Daren Halowin

A jami'o'in Amurka 31 ga Oktoba, ranar Halowin, ba ta zuwa ita kaɗai. In ta faɗo Laraba, ɗalibai za su fara tun Juma'ar da ta gabace ta, su ƙi rufewa sai Asabar. Yara dai suna shigar burtu suna bin gidaje suna karɓar alewa kamar 'yan tashe, su koma barci da wuri. Ɗaliban jami'a sun girme wa roƙon alewa, don haka suka riƙe shigar burtun, suka haɗa ta da kiɗa da abin sha, suka bar mu da su har asuba.

Mafi sauƙin sha'ani ita ce mai kunnen kyanwa. Kayanta na kullum ne, ta maƙala kunnuwa biyu a ka, ta ja layi uku a kowane kunci, ta ce ita mage ce. Takwaranta namiji ya zura rigar ƙwallon da yake kwana da ita, ya ce shi ɗan wasa ne. Allah ya yi musu albarka, ba su tare wa kowa hanya.

Mai tare hanya shi ne mai ƙadangare. Wanda bai taɓa zama ɗaki ɗaya da shi ba bai san haƙuri ba. Tun Satumba ya yi odar rigar robar nan da ake hura wa iska, mai siffar dainaso, wadda in ta kumbura takan fi mita biyu. Fuskarsa tana wajen wuyan dabbar, bayan wata 'yar tagar leda da numfashinsa ke dusasar da ita cikin minti biyar. Daga nan ba ya ganin gabansa, balle gefensa. Hannayen guntaye ne, ba ya iya riƙe kofi, ba ya iya ɗaga waya, ba ya iya buɗe ƙofa, duk kai ne. Wutsiyar kuwa tana da nata ra'ayin: ya juya ya gaida wani, ta share tebur da abin da ke kansa. A matakalar bene mutum ashirin za su yi layi a bayansa yana lalube da ƙafa. A bakin titi, cikin duhu, ga direbobin da ba duka ne a hayyacinsu ba, dole ka kama guntun hannun nan ka zama ɗan jagora, shi kuwa daga can ciki yana ta tambaya, “Ana kallona? Ana ɗaukar hoto?” In fitsari ya kama shi sai an kira taron gaggawa, ɗaya ya ja zif, ɗaya ya riƙe kai. Wajen sha biyun dare batirin 'yar fankar da ke hura shi ya mutu, ƙaton ƙadangare ya fara yaushi daga sama, kai ya langaɓe ya rufe tagar, ka fito da mutum jiƙe sharkaf da gumi yana cewa baɗi wanda ya fi wannan girma zai saya.

Masu raina sanyi ba sa sa rigar sanyi, wai za ta ɓata ado. A jihohin arewa irin Wiskonsin ƙarshen Oktoba ruwa na iya ƙanƙarewa da dare. Ƙarfe ɗaya za su ari jaket ɗinka, kuma ka yi ban kwana da ita.

Akwai mai ɓuya bayan shuka da wuƙar roba ya daka wa mutane tsawa. A ƙasar da bindiga ta yi yawa haka, shi da kansa yake neman 'yan sandan makaranta.

Uwar garke ita ce ake yi wa tsiya da yamma, a gode mata da safe. Tana ƙirga kawuna a kowace ƙofa, ta tilasta wa kowa kunna abin nuna inda yake a waya, ta zubar da duk kofin da mai shi ya ajiye ya juya baya. Doka ta ce sai mai shekara 21 zai sha giya, yawancin ɗalibai kuwa ba su kai ba, shi ya sa in wani ya sheme abokansa ke tsoron kiran lambar gaggawa ta 911. Ita ta san jami'o'i da yawa ba sa hukunta wanda ya kira taimako. Ta kwantar da shi a kan gefensa don kada amai ya shaƙe shi, ta kira. Mataimakinta shi ne ɗalibin da ba ya sha, wanda ba a tuna shi duk shekara sai daren nan, a ce, “Ai kai Musulmi ne, kai za ka tuƙa mu.” Irinsa kan yi ta gunaguni, amma yakan karɓi kuɗin mai har da ƙari, ni shaida ne.

Wanda ba na iya yi wa dariya shi ne mai sa mutane a matsayin kaya. Ya shafa baƙi a fuska ya ce shi mawaƙi ne, a ƙasar da tun shekarun 1830 fararen 'yan wasa ke shafa wannan baƙin a dandali don su ci mutuncin bayi. Wani ya ɗaura gashin tsuntsu irin na shugabannin 'yan asalin ƙasar, abin da su masu shi sai mutum ya cancanta yake sawa. Wani ya sa jallabiya da rawani ya rataya bam na kwali. A 2011 ɗaliban Jami'ar Ohayo suka buga fastoci suna cewa al'adarsu ba kayan wasa ba ce, fastocin suka zaga ƙasar, amma har yau ka yi masa magana sai ya ce raha ce kawai, kai ne ba ka da fara'a. Irinsa ne zai gan ka da kaftani da hula ka fito daga masallacin Juma'a, ya tafa ya ce, “Kai, shigarka ta yi! Wane ne kai?” Wannan ba na ba shi amsa, kuma ba ya shiga motata.

Saura malam mai nasiha, wanda tun farkon mako yake turo saƙo a WhatsApp cewa bikin asalinsa na maguzawan Ailan ne, kada kowa ya kusance shi. Ba a ganinsa daren. Ranar 1 ga Nuwamba, da kantuna suka karya farashin alewar da ta yi kwantai, shi ne na biyu a layi da kwando cike da cakulan. Ya tarar da ni a gabansa, muka gaisa, ba wanda ya kalli kwandon wani.