Keken Yallaɓai da Motar Rakiya

Asabar ɗin nan da ta wuce hanyar Shuwarin ta koma hannun 'yan motsa jiki. Magidanta ne riƙaƙƙu, kowa da hular kwano da matsattsen wandon roba, irin wanda da ɗansa ne ya saka da tuni an kira taron dangi. Sun jeru a tsakiyar kwalta suna murza feda a hankali kamar masu kai amarya, mu da muka fito neman na cefane muka yi layi a bayansu muna ta haƙuri.

Kekunan dai ana iya kewaye su. Motar rakiyar ce ta gagara. Farar Hilux ce, fitilunta huɗu suna ƙyaftawa, tana rarrafe a giya ta ɗaya. A bayanta akwai kula cike da ruwan gora, da tawul, da kujerun roba, da kekuna biyu na waɗanda numfashinsu ya ƙare tun ba a bar Takur ba. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin mai kowa a Dutse lissafin lita yake yi, amma ga bayin Allah sun gano hanyar da keke ma zai sha fetur. Direban ne abin tausayi. Ƙafarsa tana kan kuloci tun bayan sallar asuba, ya danna ya saki, ya danna ya saki, gumi har wuyan riga. Duk ayarin shi kaɗai ya motsa jiki. In zai wuce su a harare shi, in ya tsaya a yi masa waya. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 3 ga Yuni a matsayin Ranar Keke tun 2018, to in har za a ba da lambar yabo a Jigawa, ni ƙafarsa ta hagu zan zaɓa.

Zangon farko teburin mai shayi ne. Haɗin kauri, ƙwai hurhuɗu, indomi, burodi mai yanka. Wani yana tsoma burodin yana ba da labarin yadda likita ya ce lallai ya rage tumbi. Aka ɗauki hoto. Ba a yi nisa ba aka ga mai fura a gindin darbejiya, aka ce ai nono yana ƙara ƙarfi. Aka ɗauki hoto. Gaba kaɗan mai dabino, kuma wa zai bar garin dabino bai taɓa ba?

Daga nan tayar shugaban ayarin ta yi faci. Aka gangara wajen mai faci, dattijo da kwanon ruwansa da gwangwanin sholisho. Ya juya tayar, ya ƙura wa bawul ido, wani siririn abu ne da bakin famfonsa ba ya kamawa.

"Yallaɓai, wannan na wace ƙasa ce?"

"Baba, kuɗinsa ya fi na babur ɗinka."

"To Allah ya sa alheri. Sai dai a mayar da shi can su busa masa."

Aka ɗora keken a Hilux, Yallaɓai ya shige gaba ya kunna sanyi. Agogon hannunsa mai ƙirga tafiya bai san an sauka ba, ya ci gaba da lissafi har ƙofar gida. Da yamma sakamako ya fito a Facebook, gudun da ko barewa sai ta nemi a sake ƙirgawa, 'yan ofis suna ta rubuta "Ma sha Allah, Oga."

Abin da ke ƙona mini rai shi ne Litinin. Masinjan da ke taka tsohon Phoenix daga Madobi zuwa sakatariya kullum, ba don tumbi ba, don albashin ba ya kai shi ƙarshen wata a kan acaɓa, wannan Hilux ɗin ce za ta danna masa hon ta tura shi cikin yashi. Ba mai ce masa sannu da motsa jiki. Manomin da ya ɗoro buhun gero a kariya zuwa kasuwar Shuwarin yana kokawa da tireloli ba mai kunna masa fitila ko ɗaya.

Kuma keke ba yau ya fara daraja ba. Zamanin En'e lasin ake yankar masa, a ɗaura masa lambar ƙarfe, ɗan doka ya tare ka ya duba. Mai Rali sabo a Garu ba ya jingine shi a rana, zaure ake shigar da shi, a goge sifok ɗaya-ɗaya da tsumma, a naɗe ƙarfen da leda mai launi kada ya kuje. Ƙararrawarsa kuwa tun daga kan kwana matar gida ta san ta mijinta ce. Waɗannan na Asabar ko ƙararrawa babu a jikinsu. Na tambayi ɗaya dalili, ya ce nauyi take ƙarawa. Yana faɗa yana karɓar ƙwai na biyar.